Ranar da Rijiyar Surukina Ta Yi Kumfa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin walimar Nasiru, ƙanin matata, ba. Ko ni na so in manta, mutanen Rawayya ba za su bari ba, don har gobe in na sauka daga mota a bakin hanya sai na ji wani ya ce, "A'a, Mai Kumfa ya iso." Da farko nakan yi kamar ba da ni ake ba. Yanzu amsawa nake yi, har in ɗaga hannu, saboda sunan nawa ne, ba wanda ya yi mini ƙage.

Bari in fara da gaya muku ko ni wane ne, don ku gane inda cutar ta samo asali. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, nan Gusau. Kayan wanki da na tsafta nake sayarwa: omo, sabulu, bilic, bula, sitati, maganin wanke banɗaki, turaren wanki, da sauransu. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar da addu'ar iyaye. Amma zaman shago ya sa nakan karanta abin da aka rubuta a jikin robobi in babu ciniki, har na haddace wasu kalmomi. Daga nan sai na fara jin kaina kamar wani likita. In mace ta zo sayen sabulu guda, sai na haɗa mata da wa'azin ƙwayoyin cuta kyauta. (Matata Rabi takan ce da bakina ake sayarwa da tuni mun je Makka.) An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni nawa ƙuƙumin har da kwaɗo.

Surukina, Malam Garba, wanda muke kira Baba, manomi ne a Rawayya. Mutum ne mai kawaici, ba ya ɗaga murya, kuma da yake Rabi ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Malam". Ba shi da mota, ba shi da bene. Abin da yake da shi wanda yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne: rijiyar da ke gefen zaurensa. Shi da mahaifinsa suka haƙa ta tun yana saurayi. Ba ta da zurfi sosai, amma ruwanta garai yake, ga sanyi, ga daɗi, kuma ko da bazara ba ta ƙafewa. Kusan duk unguwar nan suke ɗiba. Masu fura ma sukan tsallake rijiyoyi biyu su zo tasa, wai damun ya fi daɗi da ruwanta.

Rijiyar nan tana da dokoki, kuma kowa ya san su. Ba a wanki kusa da ita, ba a wanke-wanke, ba a ko alwala a bakinta. Duk ruwan da aka yi wanki da shi a gidan, a bokiti ake ɗaukarsa a zagaya can bayan gida, wajen gangare, a zuba a wani rami da aka cika da toka da duwatsu. Tafiya ce mai ɗan nisa in kana ɗauke da kaya. Sannan taku biyar daga rijiyar akwai wata tsohuwar rijiya da ta rufta tun zamanin mahaifin Baba, ta cike rabi, ta zama rami kawai. Ita kuma an lulluɓe bakinta da ƙaya, ba a jefa ko ɓawon gyaɗa a ciki. Ni duk shekarun da na yi ina zuwa gidan, kallon ƙauyanci nake yi wa abin. Ban taɓa tambayar dalili ba, saboda a ganina wanda ya zo daga birni shi ake tambaya.

Da bikin Nasiru ya matso, ƙarshen damina ne ana yankan gero, sai muka tafi tun ranar Laraba, ni da Rabi da 'yarmu Ummi. Na cika bayan mota da kaya, wai gudummawata. Tun da gaskiya zan faɗa muku, to ga ta: jarka biyu na sabulun ruwa mai launin ruwan hoda da na kai, sun shekara a shago, sun tsinke, ba mai saye. Haka galan ɗin turaren wanki mai ƙamshin lemun tsami, duk wadda ta saya sau ɗaya ba ta dawowa, wai yana sa ciwon kai. Na haɗa da bilic da maganin banɗaki da omo, na sauke su a ƙofar gida ina hura hanci kamar wanda ya kawo sa.

Wadda ta fara tarbata ita ce Iya Ige, kakar Rabi, mahaifiyar Baba. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni, amma hancinta da bakinta ba abin da ya taɓa su. Tun da na auri jikarta take kirana angonta, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Angona, mi ka zo muna da shi daga birni? Nama ko tsire?"

Na ce, "Iya, abin da ya fi nama na kawo. Tsafta na kawo muku."

"Awo? Ashe da cikin ƙazanta muke, har munka haifa maka mata."

Maimakon in yi shiru, sai na miƙa mata hannun rigata, wadda na sa aka jiƙa da turaren nan. Na ce, "Shinshina ki ji, Iya. Haka ake ƙamshi a Gusau."

Ta kama hannun rigar ta shaƙa, ta yi atishawa sau biyu, ta ce, "Wanga ƙamshi ko cikin kabari na ji shi na san kai na." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na san abin da na shuka a lokacin, da na haɗiye dariyar.

Ku sani, ba wanda ya sa ni aiki. Suruki ma ba a sa shi wanki a gidan surukai, zama yake yi a zaure a kawo masa fura. Ni na naɗa kaina shugaban tsafta. Na sa Nasiru da abokansa biyu suka fito da dardumai, da labulaye, da kujerun roba da aka aro, da tamfol ɗin rumfa. Baba yana gona tun safe, ba ya dawowa sai bayan la'asar, don haka filin nawa ne. Na dubi nisan da ke tsakanin rijiya da ramin bayan gida, na dubi tsohuwar rijiyar nan da ke kusa, sai na ji wata dabara ta zo mini, har na yi mamakin yadda mutanen gidan suka shekara suna wahala ba su gano ta ba. Na sami sanda na janye ƙayar.

Nasiru ya ce, "Yaya, ƙayar nan fa Baba ya sa ta."

Na ce, "Ango, ƙayar nan ita ke tara muku sauro. Wannan ramin a birni kuɗi ake biya a gina irinsa. Ruwa ya shige ƙasa, shi ke nan, an huta."

"To ni dai ba ruwana. In ya tambaya, kai zan nuna."

"Nuna ni. In ya gani ma godiya zai yi."

Da rana Rabi ta leƙo ta gan mu cikin kumfa har gwiwa. Ta kira ni gefe ta yi ƙasa da murya. "Baban Ummi, don Allah a kai ruwan nan bayan gida. Tun muna yara ko ruwan wanke hannu ba mu zubawa a nan."

Na ce, "Kin taɓa jin dalili?"

"Baba dai ya hana."

"To kin gani. Al'ada ce kawai. Ke koma ciki, wannan aikin ilimi ne."

Ta dube ni irin kallon da mata ke yi in sun bar mutum da halinsa, ta koma.

Kwana biyu muka yi muna wanki, Laraba da Alhamis. Duk ruwan omo da bilic da bula, ramin nan ya sha. Na wanke banɗakunan gidan da magani, ruwan ɗaurayar bokitan ma can na kai. Da muka gama ranar Alhamis, sai ga sauran sabulun ruwa kusan jarka guda, ga rabin galan na turare. Matan gidan sun ce ba sa so, sabulun yana sa musu ƙaiƙayin hannu, su tokarsu da sabulun salo sun ishe su. In mayar da shi Gusau kuma abin kunya ne. Na waiga ba kowa, na tuttule su duka a ramin. Kuma kullum kafin Baba ya dawo, sai in mayar da ƙayar daidai yadda na same ta. (Wannan shi ne abin da ya fi damuna in na tuna. Mutumin da ya tabbata daidai yake yi, me zai sa ya mayar da ƙaya?)

Ranar Juma'a muka ɗunguma 'Yankuzo, can ƙasar Tsafe, garin amarya, aka ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci. A can ne Baba, wanda ba ya yabon kansa a kan komai, ya saki baki a kan rijiyarsa. Waliyyin amarya, baffanta Alhaji Sani, ya kawo mana ruwa yana ba da haƙuri wai nasu yana da ɗan gishiri. Baba ya ce, "Gobe in kun zo walima, Alhaji, zan ba ka ruwan da za ka riƙa ba da labari." Alhaji Sani ya ce to sai ya zo.

Muna hanyar dawowa hadari ya haɗo. Aka yi ruwa irin na bankwanan damina, kamar da bakin ƙwarya. Kowane gida aka tara na indararo, randuna da durom-durom suka cika, shi ya sa washegari da safe ba wanda ya je rijiya. Da ruwan sama aka dafa abincin walima, kuma wannan ita ce rahamar da Allah ya yi mini a cikin lamarin. Ni kuwa ina ta murna wai ruwa ya kwantar da zafi, ban san can ƙarƙashin ƙasa ya cika tsohon ramin nan yana tura kayana gaba ba.

Asabar da hantsi baƙi suka iso. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun da na wanke suna ta walƙiya, ga liman, ga dattawan unguwa, ga mutanen 'Yankuzo mota biyu. Ni kuma na ci babbar riga fara sol, ta sha sitati da turaren lemun tsami, ina kai-kawo ina gaisawa da mutane kamar ni ne angon. Na ɗauko ruwan leda mai sanyi na kai wa Alhaji Sani.

Ya ce, "A'a, ɗana, ajiye wannan. Na leda ko'ina akwai. Ni na Malam Garba na zo sha."

Baba ya yi murmushi ya waiga neman wanda zai aika. Kafin ya buɗe baki na miƙe. "Baba, bari in ɗebo." Na karɓi kwanon sha na nufi rijiya, ina naɗe hannun riga yadda kowa zai ga surukin birni ba shi da girman kai.

Na zura guga, na ji ta faɗa, na jijjiga igiya ta cika, na jawo. Tana isowa baki na leƙa ciki. Kumfa ce a saman ruwan, fara, da ɗan ja-ja a gefe. Nan ne ya kamata in tsaya. Nan ne mutumin kirki zai koma ya durƙusa gaban surukinsa ya ce, Baba, na yi ɓarna. Ni me na yi? Na waiga, na sa hannu na kwashe kumfar na yarfar, na hure sauran da baki, na tsiyaya ruwan a kwano a hankali don kada ta sake tashi. Na ce a raina, wataƙila gugar ce. Hancina kuma ya riga ya cika da ƙamshin rigata, ban ji komai ba.

Na kawo, na russuna, na miƙa da hannu biyu. Alhaji Sani ya gyara zama, ya yi bismilla, ya kafa kai ya yi kurɓa irin ta mai ƙishi. Sai na ga ya tsaya cak. Kumatunsa suka cika, idonsa ya kawo ruwa. Bawan Allah ya yi ƙoƙarin haɗiyewa don kunyar mai gida, abin ya gagara. Ya juya bayan kujera ya furzar, ya hau tari.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Malam Garba. Sai dai... ko kwanon ne ba a ɗauraye ba."

Baba ya karɓi kwanon ya kai baki. Bai furzar ba, shi haɗiyewa ya yi. Ya ajiye kwanon, ya miƙe ya nufi rijiya, jama'a suka bi shi. Ya zura guga da kansa. Da yake tawa ta riga ta motsa ruwan, tasa ta fito da kumfa kamar an tatso nono. Ya sake zurawa, haka. Wani ya leƙa ya ce, "La ilaha illallahu, duk saman ruwan ya rufe." Na dubi fuskar Baba. Ban taɓa ganin dattijo ya tsufa a cikin minti guda ba sai ranar.

To, a nan ma ƙofar tuba a buɗe take. Amma shaiɗan ya riga ya samu wurin zama a bakina. Tsoro ya kama ni, sai na ga hanyar tsira ita ce in riga kowa magana. Na gyara babbar riga na yi gyaran murya.

"Jama'a, wannan shi ne abin da kullum muke faɗa. Matsalar mutanenmu na karkara ita ce rashin wayar da kai. Mace za ta gama wanki ta zo da bokiti duk sabulu ta dangwala a bakin rijiya. Yara su zo su yi wasa da kumfa. Ba murfi, ba kulawa. Mu a Gusau..."

Wallahi har da ɗaga yatsa. Na yi maganar ƙwayoyin cuta, na kawo kalmomin nan da na haddace a jikin robobi. Wasu dattawa har sun fara gyaɗa kai. Matan unguwa da suka leƙo daga zaure suka fara kallon juna, kowacce tana zargin 'yar uwarta. Na hango Nasiru ya sunkuyar da kai yana wasa da zoben azurfarsa, na hango Rabi a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi. Duk da haka ban tsaya ba.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Iya Ige ce ta ratso maza, ita da ba ta neman izinin kowa.

"Ku ba ni wuri. Ruwa ba ya tsami banza. Garba, miƙo man gugar nan."

Baba ya miƙa mata. Ta sunkuya ta shaƙa. Ta yi atishawa sau biyu. Ta ɗago kai tana juya hanci a iska kamar mai neman inda ake suya, ta tako a hankali har gabana, ta kama hannun babbar rigata ta kai hanci. Ta sake atishawa.

Jama'a suka zuba mana ido.

"Angona," in ji ta, da muryar da ta isa har rumfa, "ashe kai anka ba baƙo ya sha."

Wani daga mutanen 'Yankuzo ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa ta hanci. Iya ba ta sake ni ba. Ta ja ni da hannun riga kamar akuya, taku biyar, har bakin tsohuwar rijiya, ta sa sandarta ta ɗaga ƙayar. Ga ramin nan cike da kumfa ruwan hoda, ga ledojin omo suna yawo a kai, ga murfin galan ɗina ja a tsakiya kamar an sa hannu a takarda. Ƙamshin lemun tsami ya bugi kowa.

"To, malamin tsabta, ci gaba da wa'azin. Kana cewa ku a Gusau."

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ita ma ƙasar na ɓata ta. Zufa ta jiƙa sitatin rigata ta manne mini a baya. Na durƙusa nan cikin caɓi, a gaban liman da baƙi da matan da na gama yi wa ƙage, na ce, "Baba, ni ne. Ni na zuba. An hana ni ban ji ba."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na sami sauƙi. Sai ya juya wajen Alhaji Sani ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Malam ya so ya yi muna tsabta ne, ta yi yawa." Sannan ya dube ni ya ce, "Tashi, Malam, rigarka za ta ɓaci. Rijiyoyin nan biyu idonsu guda ne. Abin da ka ba waccan, wannan ka ba. Shi ya sa mahaifina ya sa ƙaya." Ya dubi ramin. "Da ka tambaya da na gaya maka."

Aka ci walima, amma ni ban san ɗanɗanon abincin ba. Da baƙi za su tafi, Alhaji Sani ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Malam Garba ya yi alkawarin ruwan da zan riƙa ba da labari, kuma ya cika." Mota ta tashi ana dariya a ciki.

Washegari aka kira mai haƙar rijiya. Ya duba ya ce sai an kwashe ƙasar tsohon ramin duka an fitar, a cike shi da jar ƙasa a daddaɓe, sannan a yi ta kwalfe rijiyar da ake sha, tana kawowa ana kwashewa, har ta wanke kanta. Na ce zan ɗauko inji daga Gusau a zuƙe. Baba ya ce injin zai zubar da ruwan nan kusa, ya koma inda ya fito, ko ya gangara lambun maƙwabta. Ya ɗauko guga ya miƙo mini. "Na ga jiya ka iya ja, Malam."

Na aika aka ce wa maƙwabcin shagona ya sa mini ido, na tuɓe babbar riga na sa tsohuwar singileti ta Nasiru. Kwana tara muka yi. In jawo, in juye a bokiti, in ɗauka in zagaya bayan gida har ramin tokar nan da na raina, in dawo. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Ango da ya kamata yana ɗaki yana cin kaza, shi ma yana nan yana taya ni, yana cewa, "Yaya, ka ce Baba godiya zai yi. Ya yi kuwa?"

Amma ba bororon ne ya fi ciwo ba. A kwana taran nan duk matan unguwar sai sun tafi famfon tuƙa-tuƙa da ke can bayan makarantar firamare, su yi layi a rana, su dawo da jarka a ka, kuma hanyarsu ta gabana take. Waɗannan su ne matan da na tsaya gaban jama'a na ce ba su san tsafta ba. Ba wadda ta zage ni. Kowacce in ta zo wucewa, da goyo a baya, wuya na rawa, sai ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Wata mai fura ma ta tsaya ta ba ni damu a ƙwarya, ta ce da ruwan famfo ne, in yi haƙuri ba zai kai na da ba. Na karɓa na sha, kaina a sunkuye.

Rana ta bakwai, da la'asar, Baba ya zo ya zauna a kan turmi yana kallona. Na ajiye guga na sake ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Can sai ya ce, "Malam, in tambaye ka. Can gidanku a Gusau, ruwan wankinku ina yake zuwa?"

Na ce, "Kwata, Baba."

"Kwatar fa?"

"Babbar kwata."

"Ita kuma fa?"

Nan na ga inda ya nufa.

"Gulbi take faɗawa," in ji shi. "Gulbin nan kuma shi ya biyo ta Bungudu. Akwai mai sha, akwai mai ba dabba, akwai mai ban ruwan albasa. Su ba su da Iya da za ta shinshino musu mai shi."

Ya tashi ya tafi alwala, ya bar ni da igiya a hannu. Na tuna sau nawa na tuttule kayan da suka lalace a kwatar bayan shago in an fara ruwan sama, wai ruwa ya tafi da su. Na tuna yadda nake ce wa mata su ƙara bilic, su ƙara omo, wai sai kumfa ta yi yawa wanki ke fita, alhali so nake ya ƙare su dawo. Ashe abin da na yi wa rijiyar Baba a kwana biyu, na shekara goma ina yi wa mutanen da ban sani ba.

Rana ta tara aka jawo ruwa garai, ba kumfa. Ba wanda ya yarda ya sha sai da aka kai wa Iya Ige. Ta shaƙa, ta daɗe, duk muna tsaye kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ba ta yi atishawa ba. Ta kurɓa, ta wasa shi a baki, ta haɗiye. Ta ce, "Angona ya fita. Ku sha." Baba ya karɓi kwanon ya shanye, ya yi hamdala, sannan ya sa aka cika jarka guda aka ba direban da ke bin hanyar Tsafe ya kai wa Alhaji Sani.

Har yanzu ina sayar da omo da bilic, da su nake ci da iyali. Sai dai wa'azin ya canza. Yanzu in mace ta saya, cewa nake ta sa kaɗan, kuma kada ta zubar kusa da rijiya. Wasu sukan yi mini kallon ɗan kasuwar da ya samu taɓin hankali. Na haƙa ramin toka da duwatsu a bayan gidana, Rabi ta tsaya tana kallo ta ce, "A'a, Baban Ummi, ƙauyanci ya iso birni?" Na ce mata wannan aikin ilimi ne. Turaren lemun tsami kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.

In mun je Rawayya, zaure nake zama a kawo mini fura kamar kowane suruki mai hankali. Iya Ige har yau ba ta shan ruwan da ya bi ta hannuna sai ta shinshina. Abin da na koya bai da yawa, amma da bororo na saye shi: in ka ga ƙaya a bakin rami, tambayi wanda ya sa ta kafin ka nemi sanda. Ruwan da ka zubar kuma bai ɓace ba, gidan wani ya nufa, in ka yi rashin sa'a gidan surukinka.